Kwana huɗu a kan keke daga tsaunukan Eifel zuwa gidan Eltz

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na dawo daga wannan tafiyar nake ta cewa yau zan zauna in rubuta gobe zan zauna in rubuta, to yau dai Allah ya yi. Ni da wani abokina ɗan Damagaram da muke zaune a nan Jamus muka yi ta, shi ne ma ya kawo shawarar tun lokacin sanyi, ya ce mutumina shekara nawa muna ƙasar nan ba abin da muka sani sai tashar jirgi da wajen aiki da shagon Turkawa, mu ɗau keke mu shiga ƙauyukansu mu ga yadda suke. Na amsa masa nan take saboda ni keke ba baƙona ba ne, Babanmu Allah ya jiƙansa da Raleigh ɗinsa ya yi shekara da shekaru yana zuwa koyarwa, a kan kariyarta na fara zuwa makaranta, kuma har yau in na ji ƙarar sarƙa tana juyawa shi nake tunawa.

Mun zaɓi ƙarshen watan Mayu, akwai hutun ranar Alhamis irin na addininsu, muka haɗa da Juma'a ya zama kwana huɗu cur. Kekena na hannu ne mai giya 21, na kai shi wajen mai gyara aka sake masa robar birki aka shafa wa sarƙa mai, na ɗaura jaka biyu a kariya, ciki akwai rigar ruwa da famfo da kayan faci da tiyub guda da sallaya 'yar ƙarama da dabino da ƙuli-ƙulin da aka aiko min daga gida. Da safe muka hau jirgin ƙasa zuwa Andernach, daga nan muka canja wani ƙarami da ya shiga da mu cikin tsaunuka ya sauke mu a wani ƙauye da ake kira Monreal.

Kai jama'a, Monreal. Ɗan ƙauye ne a cikin kwari, wani rafi mai suna Elzbach ya ratsa ta tsakiyarsa, gidajen suna jere a bakin ruwan kamar za su tsoma ƙafa, farare ne amma ana ganin katakon jikinsu a waje an shafa masa jan fenti, rufin kuma na wani baƙin dutse ne mai ɓarewa fale-fale kamar allo. A saman tudu akwai kangon gidajen sarauta guda biyu, Löwenburg da Philippsburg, irin waɗanda suke kira Burg, wato gida ne kuma ganuwa ce kuma wajen yaƙi ne duk a haɗe. Muka jingine kekuna muka hau da ƙafa, daga sama ƙauyen gaba ɗaya kamar ka ɗauke shi a tafin hannu. A lokacin ban san rafin nan da na tsaya ina kallo shi ne zan sake haɗuwa da shi a rana ta ƙarshe ba.

Daga Monreal aka fara aikin. Yankin Eifel ba shi da manyan duwatsu masu tsini, amma tudu ne da gangare ba iyaka, ka hau wannan kana cewa alhamdulillahi sai ka ga wani ya leƙo a gaba, gonakin alkama kore shar, wasu gonakin kuma rawaya fes da furen wani tsiro da suke tatsar mai da shi, shanu suna kwance ba makiyayi ba sanda sai waya mai lantarki da aka zagaye su da ita. Akwai hawan da muka sauka muka tura, wasu tsofaffi mata da miji suka wuce mu a kan keke mai batir suna ɗaga mana hannu, matar za ta kai saba'in. Abin ya burge ni ƙwarai, domin a wajenmu mutum yana samun ɗan hali abu na farko da zai jefar shi ne keke, a nan kuwa likita da manomi da tsohuwa duk a kai suke ba wanda yake kallon wani. Kuskuren da muka yi shi ne mun manta ranar hutu shaguna a rufe suke ruf, dabinon nan da ƙuli su suka riƙe mu har Ulmen inda muka samu mai dona kebab, gasasshen naman nan na Turkawa, a buɗe.

A Ulmen na fara ganin abin da suke kira Maar. Tafki ne zagayayye kamar an kafa ƙwarya a ƙasa an cika ta da ruwa, asalinsa kuma aman wuta ne, narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya haɗu da ruwa sai wajen ya fashe ya bar rami, daga baya ruwa ya taru. Na Ulmen shi ne mafi ƙuruciya a Jamus, wajen shekara 11,000 da fashewarsa, kuma akwai kangon wani Burg a bakinsa. Amma wanda ya tsaya min a rai shi ne na Weinfeld kusa da Daun, wanda muka isa da yamma liƙis. Zurfinsa mita 51 ne, ruwan shiru ba motsi, a gefensa ɗan coci guda ɗaya da maƙabarta, ba gida ko ɗaya. Da akwai ƙauye a wajen, annoba ta shiga a ƙarni na 16 mutane suka watse ya zama kufai, amma mutanen Schalkenmehren da ke maƙwabtaka har yanzu nan suke kawo mamatansu. Mun daɗe a zaune ba mai magana. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara a wannan lokacin, muka shimfiɗa sallaya can nesa a kan ciyawa muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, sannan muka gangara Daun muka kwana.

Rana ta biyu kamar lada ce aka ba mu. Daga Daun zuwa Bernkastel-Kues kilomita 58 ne a kan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka cire dogo aka shimfiɗa kwalta domin masu keke kawai, kuma da yake jirgi ba ya son hawa mai tsanani hanyar a kwance take, yawancinta ma gangare ne sannu-sannu har bakin kogi. Kana fita Daun za ka hau wata doguwar gadar dutse, can gaba kaɗan ka shiga ramin da aka huda cikin dutse mai tsawon mita 560, ciki sanyi kamar firij ruwa yana ɗiga daga sama, abokina ya yi ta buga ƙararrawa yana jin amsa kuwwa. Na yi ta tunanin layin dogon da ke kwance a wasu garuruwanmu ciyawa ta cinye shi, mutanen nan jirginsu ya daina bi amma ba su bar hanyar ta mutu ba.

Mun ratse daga hanya domin ganin Manderscheid, kuma ina ba duk mai zuwa shawara kada ya wuce wajen nan ko da gangaren zai ci masa birki hawan dawowa kuma ya ci masa gwiwa. Burg biyu ne suna kallon juna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ɗan kogin Lieser ne kawai a tsakaninsu, na saman na babban limamin cocin Trier ne wanda a zamanin shi ma sarki ne mai ƙasa da sojoji, na ƙasan kuma na sarakunan Manderscheid ne da suke ɓangaren Luxembourg, wato iyaka ce, maƙwabta ne da ko tari ɗaya ya yi ɗayan zai ji amma kowa ya gina hasumiya yana gadin ɗan'uwansa. A nan na fara gane cewa gidajen nan da muke ɗauka a hoto muna cewa kai kyau, waɗanda suka gina su tsoro ne da neman iko ya sa su, kowa yana son ya tsare hanya ko kogi ya karɓi haraji a hannun fatake.

A Wittlich muka samu sallar Juma'a a masallacin Turkawa, muka shiga da hular kwano a hannu, wani dattijo bayan an idar ya tambaye mu daga ina, da muka ce daga Daun a kan keke sai ya riƙe mu sai mun sha shayi, ya kawo mana a 'yan ƙananan kofunan gilas ɗin nan nasu har sau biyu. Daga nan sai gonakin inabi suka fara, kafin la'asar mun ga kogin Mosel.

Bernkastel gari ne na masu yawon buɗe ido, cike yake da mutane, dandalin kasuwarsa gidaje ne na katako masu shekara ɗari huɗu da ɗoriya, akwai wani siriri mai tsini da aka gina a 1416 wanda samansa ya fi ƙasansa faɗi kamar zai faɗo maka. A saman gari akwai kangon Landshut da gobara ta cinye a 1692. Amma ni abin da ya fi taɓa ni yana tsallaken kogi a Kues. Wani malaminsu Nikolaus da aka haifa a garin a 1401, ɗan mai jirgin ruwa ne ya yi karatu har ya zama babba a coci, ya gina gida a 1458 domin tsofaffi matalauta 33, ya bar masa gonaki da za su riƙa ciyar da shi, kuma har yau gidan yana nan ana kula da tsofaffi a ciki. Abokina ya ce ai wannan waƙafi ne sak. Fiye da shekara 560 abin da mutum ɗaya ya tsayar bai rushe ba.

Maganar abinci kuwa sai mutum ya yi hattara, yankin giyar inabi ne, ko ina ka juya ita ake tallatawa, kuma naman alade yana shiga abubuwa da yawa har wanda ba ka zata ba. Mu dai ruwan inabi zalla wanda bai zama giya ba muke tambaya, ko ruwan tuffa da aka gauraya da ruwa mai gas, sai kifi da dankali da burodi da cuku, kuma duk inda muka yi bayani ba wanda ya ɓata rai.

Ranar Asabar ita ce mai tsawo, wajen kilomita 80 zuwa Cochem, duk a bakin kogi. Mosel ba ya tafiya miƙe, lanƙwasa yake kamar maciji, daga Bernkastel zuwa Traben-Trarbach in ka bi ruwa ya haura kilomita 20 alhali mai ƙafa in ya haura tudu bai fi sulusin haka zai yi ba. Jiragen dakon kaya dogaye suna wucewa a hankali, wani har da motar mai jirgin a ɗaure a baya da shanyar kaya. Bayan Zell hadari ya haɗo aka tsuge da ruwa, a cikin ruwan nan tayata ta baya ta yi faci. Muka raɓe a ƙarƙashin rumfar wani gida na juya keken na ciro tiyub, hannuna duk baƙin mai ga sanyi yatsu sun ƙage, sai ga wata tsohuwa ta buɗe ƙofa, na zaci cewa za ta yi mu matsa, sai ta koma ciki ta fito da bokitin ruwa ta ajiye a gabana ta nuna min in tsoma tiyub ɗin in ga inda yake kumfa, daidai yadda mai facin bakin Kofar Mata yake yi. Ta kawo tsumma da kofi mai zafi, ta ce mijinta kafin ya rasu shi yake wa yaran layin gyaran keke. Allah ya saka mata, ban ma tambayi sunanta ba.

A Bremm akwai wani tudu da ake kira Calmont, gonar inabi ce a jikin dutse wadda tsayuwarta ta kai digiri 65 a wasu wuraren, ana lissafa ta cikin mafi tsayuwa a Turai gaba ɗaya. Na tsaya na ɗaga kai ina kallon wani mutum can sama yana ɗaure reshe, wallahi kamar a jikin bango yake. Baƙin dutsen nan mai fale-fale shi ne sirrin wajen, yana shan zafin rana da yini ya riƙa sake shi da dare, shi ya sa suke wahalar noma a inda ko akuya sai ta yi tunani, kayan aiki ma a kan wani siririn dogo guda ɗaya suke hawar da su da ɗan inji. Duk ɗan manomi in ya ga wannan sai ya girmama su. Beilstein kuma ɗan mitsitsin ƙauye ne da mutanensa ba su kai 200 ba, lungu-lungu da matattakala, da kangon Metternich a kansa.

Abin da na lura tun daga nan shi ne kusan duk kangon da ka tambaya wa ya rusa shi amsa ɗaya ce, sojojin Faransa na Sarki Louis na 14, yawanci a 1689. Na Beilstein haka, na Cochem ma haka. Wanda ake gani yanzu a saman Cochem mai hasumiyoyi kamar zane, wani attajirin Berlin ne mai suna Louis Ravené ya sayi kangon a 1868 ya sake gina shi yadda ransa yake so, yanzu kuma mallakar garin ne tun 1978. Yana da kyau ba ƙarya, da dare in an kunna masa fitilu sai ka tsaya, amma da na ji tarihin sai na ji kamar sabuwar riga ce aka ɗinka da tsohon yayi.

Ranar Lahadi muka yi sammako zuwa Moselkern, ba nisa, bai kai kilomita 20 ba. A nan wani rafi yake shiga Mosel, na duba allo sai na ga Elzbach, rafin Monreal ne ya biyo ta cikin daji ya iso. Muka bi shi sama har inda kwalta ta ƙare muka ɗaure kekuna muka shiga daji da ƙafa, hanya siririya cikin bishiyoyi ga laka saboda ruwan jiya, ba ka ganin komai sai ganye, muna ta tafiya har na fara tunanin ko mun ɓata, kawai muka sha wata kwana sai ga shi a gabanmu a kan dutse. Burg Eltz. Abokina cewa ya yi Allahu Akbar, ni kuwa kasa magana na yi. Dogo ne ƙwarai, hawa takwas a wasu ɓangarorin, hasumiyoyi sun cunkushe a jikin juna, rafin ya zagaye dutsen ta gefe uku.

Wannan gidan ba a taɓa rusa shi ba. Sunan zuriyar ya fito a wata takarda ta Sarki Frederick Barbarossa tun 1157, kuma har yau su ne masu shi, fiye da shekara 850, sama da zuriya talatin uba ya ba ɗa. Ba wai ba a taɓa kawo musu hari ba ne, tsakanin 1331 da 1336 babban limamin Trier mai suna Balduin ya yi rigima da su har ya gina wata 'yar ganuwa a tudun da ke kallonsu yana jefo musu duwatsu da majaujawa, kangonta yana nan ana gani. A 1689 kuma da Faransawa suke ƙone na kowa, wani ɗan gidan yana babban hafsa a cikin sojan Faransa, shi ya sa aka tsallake nasu. Hoton gidan ne ma a jikin tsohuwar takardar kuɗinsu ta Mark 500.

Amma abin da ya sa na kasa barci ranar shi ne bayanin da mai zagayawa da mu ta yi a tsakar gidan. A 1268 'yan'uwa suka raba gado, zuriyar ta rabu gida uku, waɗanda daga baya ake kira Kempenich da Rodendorf da Rübenach, amma ba wanda ya sayar ya tashi, kowa ya gina sashensa a cikin ganuwa ɗaya, da fili ya ƙare sai suka riƙa yin sama, shi ya sa gidan ya yi wannan tsayin. Ƙofa ɗaya, tsakar gida ɗaya, kowa da madafinsa, da yarjejeniya a rubuce kan yadda za a zauna. Akwai babban ɗakin da suke taron dangi, a jikin bango an sassaƙa kawunan wawan sarki, ma'ana a ɗakin nan kowa yana da bakin faɗin gaskiya ba a hukunta shi, kamar dai yadda wawan sarki yake a fadojinmu, a saman ƙofa kuma akwai fure, ma'ana abin da aka faɗa a ciki ya tsaya a ciki. Da wani reshe ya ƙare rabonsa ya koma hannun dangi, a 1815 kuma reshen Kempenich ya sayi rabon Rübenach, ɗan'uwa ya saya a hannun ɗan'uwa.

Ina tsaye a tsakar gidan nan gidanmu na cikin birnin Kano nake gani. Gidan kakanmu ne, ginin ƙasa na tubali da azara, zaure biyu kafin ka shiga, sashen kakanmu da na ƙannensa biyu, rijiya ɗaya a tsakiya, a soron farko na yi karatun allo. Tun da kawunmu babba ya rasu ake maganar wani ɗan kasuwa yana so ya saya ya rushe ya yi shaguna, kuma ni da bakina na ce wa Yaya a waya duk abin da aka yanke na yarda, saboda ina nesa ba na son a ce na cika baki. Rabon gado haƙƙi ne da Allah ya tsara ba mai ja da shi, kuma akwai gwaggonninmu da suke da buƙatar kuɗin da gaske, wannan ban raina ba. Amma ban taɓa zama na yi tunanin cewa mu da muke da ɗan abin hannu za mu iya haɗuwa mu biya masu son kuɗi rabonsu gidan ya tsaya ba. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen 1095 zuwa 1134, wato ta girmi takardar farko ta gidan Eltz, kuma duk wanda ya san Kano ya san yadda ake yankarta ana gini a kai muna kallo. Abokina ya ce su ma a unguwar Birni ta Damagaram tsofaffin gidaje masu zane a fuska haka suke zubewa ɗaya bayan ɗaya in damina ta yi ƙarfi. Ginin ƙasa ba dutse ba ne na sani, yana son yaɓe duk shekara, to amma ai yaɓen ma mutane ne suke yi, da can duk gidan ake fitowa.

A cikin daji ba sabis, sai da muka dawo Moselkern muka kwance kekuna sannan waya ta kawo. Abokina ya ce mu ƙarasa Koblenz a kan keke tunda saura wajen kilomita 30, na ce ya ba ni minti goma. Na zauna a kan wani benci a bakin kogi na kira Yaya, muka gaisa ya tambayi hanya, na ce Yaya maganar gidan nan, don Allah kada a sa hannu a komai tukuna, ina so a tambayi su Gwaggo nawa ne rabonsu in an yi ƙima, ni zan fara kawo abin da nake da shi, kuma zan kira sauran 'yan'uwa da ke Abuja da Jidda in ji ta bakinsu. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, can ya ce shi ma abin yana damunsa ya rasa wanda zai fara faɗa wa ne, ya ce azarar zauren waje guda biyu sun fara lanƙwasa, in da hali a fara da su kafin ruwa ya sauka sosai. Na ce ya nemo magini ya yi lissafi ya turo min a daren. Sannan muka hau muka kama hanyar Koblenz, iska tana bayanmu, muka isa inda Mosel yake shiga kogin Rhine ana gab da magariba.